Ayar da Na Nemo Don In Ka da Malam

Ni mutumin ƙasar Zuru ne, aikin koyarwa ya kawo ni Argungu, yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar firamare. A nan na haifi 'ya'yana huɗu, a nan kuma na koyi noman shinkafa, abin da ban gada ba, don mu a gida dawa muka sani. Ba zan faɗi sunana ba, amma ba don ɓoyo ba ne. 'Yan cocinmu sun san labarin nan kaf, a gabansu na miƙe na faɗe shi da bakina, gwiwoyina na kaɗawa.

A cikin coci na tashi. Mahaifina yana cikin waɗanda suka karɓi bishara a ikilisiyar da yanzu ake kira UMCA. A gida yarenmu muke yi, amma a coci Hausa ce: waƙa da Hausa, wa'azi da Hausa, Littafi Mai Tsarki ma na Hausa, irin tsohuwar fassarar nan da ta fara fitowa a 1932, wanda babana ya ɗinka wa riga da fatar akuya. Tun ban kai shekara goma ba na haddace "da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki". Uba bai ba ni wahala ba, ina da uba a gida. Ɗa ma haka, an haife shi, ya ci kifi, ya yi kuka, an gicciye shi, ya tashi. Na ukun ne na rasa inda zan ajiye shi. A kalandar da ke rataye a ɗakin fasto an zana shi farar kurciya. Kakata kuwa, wadda har ta rasu ba ta taɓa taka ƙofar coci ba, ta cika mana kunne da labarin iskoki, na tsamiya da na bakin rafi, waɗanda ba a bi ta wurinsu da tsakar rana. Don haka ranar da na ji an karanta maganar Yesu ga Nikodimu, cewa iska tana busawa inda ta ga dama, kana jin motsinta amma ba ka san inda ta fito ba, sai na ce a raina, to shi ke nan, na gane. Akwai iskokin Kaka, akwai kuma iskar Allah, ita ce mai kyau.

Da na shiga kwalejin horon malamai sai fahimtar tawa ta yi boko. Lokacin ana yawan taron farkaswa, mutane su faɗi suna rawar jiki, mai wa'azi na ihu a lasifika cewa wuta ta sauko. Sai na mayar da Ruhu Mai Tsarki wutar lantarki. In waƙa ta yi daɗi har tsigar jikina ta tashi, an kawo wuta. In wa'azi ya yi tsawo ina gyangyaɗi, an ɗauke. Wuta kuwa ba ta da ido, ba ta da kunne, ba a jin kunyarta. Da wannan fahimtar na yi aure, da ita na zama dattijon ikilisiya, da ita aka ɗora mini riƙon kuɗi, wai tunda malamin lissafi ne.

Cocinmu na Argungu ƙarami ne. Yawancinmu baƙi ne da aiki ya kawo, malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, daga Zuru, daga Kudancin Kaduna, daga Filato. Hausa ce ta haɗa mu. Kwanon rufin ya tsufa, in ana ruwa sai mu yi ta jan benci muna neman inda ba ya yoyo. Sai aka buɗe asusun kwano, ana zagayawa da faranti na musamman kowace Lahadin ƙarshen wata. Akwai wata gwauruwa mai suyar ƙosai da ke ƙullo nata a bakin zane, ta zo ta kwance a gabana, naira 200, wani lokaci 500, duk sun sha mai. Zuwa damina ta 2020 kuɗin sun kai naira 240,000. Ya kamata in kai banki. Na yi ta cewa sai an ƙara taruwa, suna nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona.

Shekarar ce aka rufe makarantu saboda korona. Da na ga zaman banza ya yi yawa sai na ƙara gona a fadama, na karɓi taki da maganin feshi da kuɗin 'yan ƙwadago a hannun wani ɗan kasuwa, a kan in biya shi da buhunan shinkafa in an yi girbi. Shinkafa ta yi kyau, kyau irin wanda ke sa manomi ya fara kashe kuɗin da bai gani ba. Wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba gulbi ya cika ya tumbatsa. Duk wanda ke Kebbi a lokacin ya san abin da ambaliyar nan ta yi wa shinkafa. Na shiga kwalekwalen wani masunci muka nufi wajen gonata. Can sai ya tsaya, ya nuna ƙasa da gorarsa, ya ce, "Malam, ga taka nan ƙarƙashinmu." Ban ga komai ba sai jan ruwa da ƙoƙuwar bukkar da na yi don koron tsuntsaye.

Mai bashi ya yi mini haƙurin wata biyu. Ban ga laifinsa ba, shi ma wasu na binsa. Da aka koma makaranta sai ya fara zuwa bakin ƙofa, ya kafe babur ɗinsa, ya tsaya bai ce komai ba, har yara suka gane suna leƙe ta taga. Zuwansa na uku, da na koma gida na jira uwargida ta tafi taron Zumuntar Mata, na jawo akwatin, na ƙirga naira 150,000. Na ce aro ne. A littafin asusu ban taɓa komai ba, 240,000 na nan zaune da jan biro, kowane zaman majalisar dattawa in karanto ta da murya mai kyau.

Da dare uwargida ta ce, "Maigida, na ji an ce ka sallami mutumin nan. A ina ka samo?" Na ce wani tsohon ɗalibina ne da ke aiki a Kaduna ya ji labarin ambaliya ya turo. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Ruhu Mai Tsarki ne ya taɓa zuciyarsa." Maganar ta fito sumul, kamar yadda ake cewa sannu da aiki. Lahadin da ta biyo baya ta miƙe cikin zanen zumunta, ta ba da shaida da hawaye cewa Ruhun Allah ya tuna da gidanmu, ta ɗaga waƙa, mata suka kama, ana buga tulu ana guɗa. Ni kuma ina kan bencin dattawa ina tafi.

A makarantarmu akwai malamin Arabiyya, Bakabe ne ɗan asalin garin, ya girme ni da 'yan shekaru. Tamu ta zo ɗaya da shi. In an fita tara mukan zauna gindin darbejiya mu ci gyaɗa, mu yi hirar albashi da farashin taki. Ranar Sallah tuwonsa da nama na zuwa gidana, ranar Kirsimeti shinkafarmu na zuwa nasa, kajin ma shi nake kira ya yanka don kowa ya ci hankali kwance. Wata rana cikin hunturu, bayan mun dawo hutun Kirsimeti, sai ya ce da Kabancinsa, "Malam, in tambaye ka wani abu, kada ka ji haushi. Wanga Ruhu da kuke cewa na ukunku, mu ma mun san shi. Ruhul Ƙudusi. A Suratul Baƙara an ce Allah ya ƙarfafa Annabi Isa da shi, a Suratun Nahli an ce shi ya sauko da Littafi. Malamanmu na tafsiri sun ce Mala'ika Jibrilu ne. Bawan Allah ne, ɗan aike. To ku, ƙaƙa ɗan aike ya koma Mai aike?"

Na yi tsuru. Sai na tuna wani misali da na taɓa ji a makarantar Lahadi, na ce ai kamar duwatsun murhu ne, uku ne amma murhu ɗaya. Malam ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Haba malamin lissafi! Dutsen murhu kowane sulusi ne. Ɗauke guda, tukunya ta kife. Ke nan naku kashi-kashi ne, kowa na jingine da ɗan'uwansa?" Aka kaɗa ƙararrawa ban samu ta cewa ba. Abin ya yi mini ciwo, amma in faɗi gaskiya, ba kishin Allah ne ya motsa ni ba. Girman kaina aka taɓa.

Ranar Asabar na tafi wurin Baba Fasto, tsoho mai ritaya da ke zaune a gidan ɗansa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Na tarar yana ɓarar gyaɗa a tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, mene ne Ruhu Mai Tsarki?"

Ya ce, "Ɗana, sake tambayar."

Na ɗauka kunne ne, na ɗaga murya na maimaita. Ya ce, "Kunnena lafiya lau. In ka ji sallama a ƙofar gida, mene ne kake cewa, ko wane ne?"

Ya ce Hausa ce ke ɓoye mana wannan, don a bakinmu dutse "shi" ne, sarki ma "shi" ne, mutum zai shekara hamsin yana cewa "shi" bai taɓa tsayawa ya tantance ko wani yake nufi ko wani abu ba. Na ba shi labarin murhu ina jiran ya goyi bayana. Ya ce, "Abokin naka ya yi gaskiya, ka koma ka ce masa wannan ya ci. Allah ba ya gutsuruwa. Uba Allah ne cikakke, Ɗa Allah ne cikakke, Ruhu Allah ne cikakke, ba kuwa alloli uku ba, Allah ɗaya. Ranar da ka samo masa misalin da ya yi daidai a madafa, to ba shi ka samo ba."

Ya sa na buɗe Luka sura ta 1, inda Jibra'ilu ya zo wa Maryamu. Ta tambaya yaya za ta haihu alhali ba ta san namiji ba, mala'ikan ya amsa cewa Ruhu Mai Tsarki zai sauko mata. Baba ya ce, "Wa ke magana?" Na ce Jibra'ilu. "Cewa ya yi ni zan sauko miki?" Na ce a'a. Ya ce, "To a namu Littafin, ɗan aiken da kansa yana nuna wani ne daban."

Sannan ya aiki jikarsa ta ɗauko wani tsohon littafin rubutu na zamanin da yake makarantar Littafi Mai Tsarki, takardun sun yi ja, ya sa na riƙa karantawa yana cike gurbi da ka. Ya ce tambayar Malam ta girmi Kanta, ta girmi ganuwar Surame, kuma Kiristoci ne ma suka fara yi wa juna ita. Babban taron Nikiya na shekara ta 325 a kan Ɗa ya tsaya, ko Allah ne ko halitta. Da aka zo kan Ruhu a cikin shaidar bangaskiyar da suka rubuta, "da Ruhu Mai Tsarki" kawai aka ce, aka sa aya. Wajen shekara ta 360 wani bishop a Masar mai suna Serapiyon ya rubuta wa Atanasiyus na Iskandariya, wanda a lokacin yake ɓuya a hamada saboda sarki na nemansa, ya ce ga wasu a wurinsa sun yarda Ɗa Allah ne, amma Ruhu sun ce halitta ne, ɗaya daga cikin mala'iku, sai dai ya fi sauran daraja. Na ɗago kai na dubi Baba. Ya ce, "Ka ji ko? Kusan maganar abokinka." Amsar Atanasiyus ita ce, in Ruhu halitta ne, to zamansa a cikinmu ba zai haɗa mu da Allah ba, halitta ce kawai aka haɗa da halitta. Baba ya fassara mini ita da tasa Hausar: "Dogari zai iya kai ka ƙofar fada. Amma wanda ya kwana da dogari bai kwana da sarki ba."

Bayansa sai Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar da yanzu take Turkiyya. Wajen 375 wasu suka yi masa ca saboda a cikin sujada ya ɗaukaka Uba tare da Ɗa tare da Ruhu Mai Tsarki, suka ce ya jera bawa da ubangijinsa. Shi kuwa ya mayar da su bakin ruwan baftisma, ya ce Yesu da kansa ne ya jera ukun a umarnin da ya bari. Baba ya ce in duba ƙarshen Matiyu da kyau, suna aka ce, ba sunaye ba. A 381 bishop wajen 150 suka taru a Kustantiniya, Santambul ta yau, daga nan ne shaidar bangaskiya ta samu ƙarin da ake karantawa har gobe a cocin Katolika da na Anglika: cewa Ruhu Mai Tsarki Ubangiji ne, Mai ba da rai, mai fitowa daga wurin Uba, wanda ake yi wa sujada ana ɗaukaka shi tare da Uba da Ɗa, wanda ya yi magana ta bakin annabawa. Mu a namu cocin gajeruwar shaidar manzanni muke karantawa, shi ya sa ban taɓa jin waɗannan kalmomi ba. Har yanzu ina ganin an yi mana ƙwauro a nan.

Ya jero mini ayoyi ina rubutawa a bayan takardar jarrabawar yara. Zabura 139, inda Dawuda ke tambaya ina zai gudu ya tsere wa Ruhun Allah, mala'ika kuwa in yana Makera ba ya Kamba. Wasiƙar farko ga Korintiyawa sura ta 2, cewa kamar yadda ba mai sanin cikin mutum sai ruhun mutumin, haka ba mai sanin zurfafan al'amuran Allah sai Ruhun Allah. Ibraniyawa 9, inda aka kira shi madawwami. Sannan ya ce, "Ga mai kaifin. Ayyukan Manzanni sura ta 5."

Na san labarin tun ina yaro. Hananiya da matarsa Safiratu sun sayar da fili, suka ɓoye wani abu daga kuɗin, suka kawo saura gaban manzanni kamar shi ke nan duka. A aya ta 3 Bitrus ya ce masa ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya. A aya ta 4 ya ce ba mutane ya yi wa ƙarya ba, Allah ya yi wa. Wanda aka kira Ruhu a layin sama, shi aka kira Allah a layin ƙasa. Malamin lissafi ba ya buƙatar a ƙara masa bayani. Na yi murna kamar mafarauci ya samu sabon dafi. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙahon zuci, ba zan musa ba, amma nan take na danne shi, na ce Hananiya gona ya sayar, ni tawa nutsewa ta yi, kuma nawa aro ne.

Ranar Litinin na ƙagu a fita tara. Na fara da cewa murhu na janye shi. Sannan na zazzage wa Malam duk abin da na kwaso, daga Luka har Masar, na rufe da Hananiya, na ƙara masa da maganar Bulus cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya murza gyaɗa a tafinsa, ya hure ɓawon, ya ce, "Malam, ni dai ina nan inda nike. Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife shi ba, Jibrilu kuma bawansa ne. Amma yau ka yi magana da hujja daga littafinku, na gane abin da kuke nufi." Ya yi shiru kaɗan. "Sai dai abin ya ba ni tsoro dominku. Mu mun san akwai mala'iku biyu masu rubuta aikin mutum, dama da hagu, wanga kaɗai ya isa hana barci. Ku kuwa kun ce Allah da kansa ya tare cikin ƙirjinku. To Kirista ƙaƙa yake yin ƙarya? Ina yake juya baya ya yi ta?"

Bai san komai game da akwatin ba. Tambaya ce kawai irin ta mai son ya gane. Na shiga aji biyar na rubuta lissafi a allo, na tsaya riƙe da alli har wata yarinya ta ce, "Malam, ka rubuta tambaya ɗaya sau biyu."

Mako uku na yi ba barcin kirki. Kuɗin ma ba su ne suka fi damuna ba, ɓarawo ya san sunan abin da ya yi. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne muryata a daren nan, ina cewa Ruhu Mai Tsarki ne ya taɓa zuciyarsa. Lokacin da na faɗa, a wurina kamar in ce sa'a ce ta zo. Yanzu kuwa na san wani na ambata, yana wurin, yana ji, na ɗauki sunansa na kafa shi shaidar zur a kan satata, na kuma sa matata ta rera masa waƙar godiya a kai. A Afisawa 4:30 Bulus ya ce kada mu ɓata wa Ruhu Mai Tsarki na Allah rai. Ba a ɓata wa lantarki rai. Sai wanda ya san ka, yake kuma ƙaunarka, shi ake ɓata wa rai. In na durƙusa yin addu'a sai baki ya ƙi buɗuwa. Daga nan tsoro ya shigo, na tuna maganar Yesu a Markus sura ta 3 a kan saɓon Ruhu Mai Tsarki da ba a gafartawa, na ce tawa ta ƙare.

Wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya na buga ƙofar Baba. Na faɗa masa komai ina tsaye, na kasa zama. Bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, wa ya taso ka daga gado ya kawo ka nan? Ɗan sanda?" Na ce a'a. "Majalisa ta gano?" Na ce ba wanda ya sani. Ya ce, "Waɗanda Yesu ya yi wa wannan kashedin sun ga aikin Ruhu ƙiri-ƙiri suka ce na Shaiɗan ne, ba su kuwa zo cikin dare suna kuka ba. Wanda ka yi wa ƙarya, shi ne bai bar ka ka yi barci ba. Da ya tafi da ka yi minshari." Na ce addu'a ma ta gagare ni. Ya ce in karanta Romawa 8:26 in na je gida, inda aka ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Sannan ya ce, "Gafara tana nan. Amma kuɗin gwauruwa ba a biyansu da hawaye. Fara da matarka."

Wannan ce ta fi wuya. Na tashe ta da asuba na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon bango. Da ta buɗe baki ba maganar kuɗi ta yi ba. Ta ce, "Maigida, ka zauna kana tafi." Sau uku ta maimaita. Kwana biyu tana ajiye mini tuwo ba ta ce mini ci kanka ba. Ran na uku ta ce in zan tsaya gaban ikilisiya, ita ma za ta tsaya, don shaidar da ta bayar sai ta janye ta da bakinta. Na roƙe ta ta bari, laifin nawa ne. Ta ce, "Sunan wa na kira a waƙar?"

Majalisar dattawa ta zauna, aka karɓe littafin asusu da makullin akwati, aka sauke ni daga dattijo, aka sa ni horo na wata shida: bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, ba karatu a gaba. Wani dattijo ya so a kai maganar ga hukuma, ban kuwa ga laifinsa ba. Lahadi na miƙe na faɗi abin da na yi, da adadin, da ƙaryar ɗalibin Kaduna. Uwargida ta miƙe bayana ta ce shaidar da ta bayar ba gaskiya ba ce, a yafe mata. Cocin ya yi tsit, har kukan jaririn da ke waje ana ji. Gwauruwar nan mai ƙosai tana layi na biyu, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Daga ranar, in mun haɗu a hanya sai ta kau da kai.

Na sayar da babur ɗina, uwargida ta sayar da awakinta biyu ba tare da na tambaye ta ba, saura aka riƙa cira daga albashina. Malam ya ga ina zuwa makaranta a ƙasa ya tambaya, na gaya masa gaskiya duka, har da cewa tambayarsa ce ta tone ni. Na ɗauka zai ce ai ga irinta nan. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai." Washegari ƙarfe bakwai na ji hon a ƙofar gida. Zangon karatu guda yana ɗauko ni yana mayarwa. Har yau bai yarda da abin da na yarda da shi a kan Ruhu ba, ni ma ban koma nasa ba, kuma har yau shi ke yanka mana kajin Kirsimeti.

A bencin baya na fara jin albarkar rufe sujada, wadda na yi shekara arba'in ina amfani da ita wajen neman takalmana: alherin Ubangiji Yesu Almasihu, da ƙaunar Allah, da zumuntar Ruhu Mai Tsarki. Mu da muke da Zumuntar Mata da zumuntar matasa, mun san da wa ake zumunta. Lahadin Fentikos na zauna can baya ina jin ana karanta saukowar Ruhu da iska da harsunan wuta, tsigar jikina ba ta tashi ba ko kaɗan, ban kuma ce an ɗauke wuta ba.

Kafin kuɗin su cika, kwano ya yi tsada. Abin da da zai rufe cocin gaba ɗaya bai wuce kashi biyu cikin uku ba, jinkirin da na jawo ke nan. Aka rufe gaba, aka bar baya da tsohon kwano. Wata Lahadi cikin Yuli ana tsakiyar wa'azi hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Na gaba suna zaune lafiya, ni ina baya na ɗauko bokiti na tara inda na saba ganin yoyo. Gwauruwar ta makara a ranar, ta shigo a jiƙe, ba wuri sai kusa da ni. Ta zauna a can ƙarshen bencin. Can sai ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta dube ni, ta ce, "Malam, matso da bokitin nan, ta nan yake zuba."